Laraba: silon motar Alhaji

Maganar Alhaji ce take ta yi min yawo a kai tun azahar. "Malam, ba wani dogon aiki ba ne, ka ɗan murɗa sukurun nan silo ya hau, sauri nake yi."

Silo dai shi ne juyin da inji yake yi a tsaye ba a taka totur ba. Ga abin da motar take yi. Da sanyin safiya sai ya riƙe totur da ƙafa kafin inji ya tsaya da kansa. Idan ya yi zafi kuma, da ya saki totur allurar juyin inji ta faɗo ƙasa da 500, jiki ya ɗau karkarwa, a kunna esi ta mutu murus. Tsohuwa ce mai waya daga feda zuwa bakin totur, saboda haka tana da bawul ɗin silo, wato IAC. Masu totur na lantarki ba su da shi, kada wani ya je yana lalube.

Na ce ranka ya daɗe, in ka ɗage ƙafa faifan totur, wato murfin hanyar iskar inji, rufewa yake yi kusan ruf. Iskar da inji yake rayuwa da ita a lokacin ta wata ƙaramar hanya take zagayawa, bawul ɗin nan ne mai gadinta, ƙwaƙwalwar mota ce take ce masa buɗe ko rage. Ka kunna esi, ko fitilu, ko ka murɗa sitiyari a tsaye, nauyi ya ƙaru, sai ta ƙara buɗe shi. Shi kuwa sukurun, wurin da faifan zai tsaya kawai yake tsarewa, tun daga kamfani aka saita shi, shi ya sa ake ɗiga masa fenti. Ka murɗa shi, sensan totur da ya kamata ya nuna kusan rabin volt a rufe zai nuna fiye da haka, ƙwaƙwalwa ta ɗauka ƙafarka na kan feda, ta daina kula da silo gaba ɗaya. Daga nan sai 1,200 a tsaye, giya tana dukan mota in an sa ta, mai yana tafiya a banza.

Ya ce, "To ni dai na ga ana yi." Ana yi kam.

Kwamfutar gwaji ta ba da lambar P0506, silo ƙasa da yadda ake so. Wannan lambar ba ta ce bawul ya mutu ba, alama kawai ta faɗa. Gyaran mai da ƙwaƙwalwa take yi bai kai kashi 10 ba, ke nan babu wata iska mai yawa da take shiga ta ɓarauniyar hanya. Duk da haka na sa yarona Auta ya bi tiyo ɗaya bayan ɗaya: na PCV (bawul ɗin da yake mayar da tururin cikin inji hanyar iska), na birki, da babban nan na iska, wanda yakan tsage a cikin lanƙwasarsa ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa. A ƙa'ida, silo mai hawa ko mai hawa da sauka tsagewa ake fara zargi, mai faɗuwa kuma toshewa. Soket ɗin wayar bawul ɗin ne na gaba: makulli a kunne, volt 12 yana zuwa, filoginsa babu tsatsa, na auna koyil biyun da mita suka zo daidai da juna da kuma abin da littafin motar ya ce.

Sai da inji ya huce muka kwance bawul ɗin, don tiyon ruwa biyu suna ratsa jikinsa. Sukurorin kansu laushi ne da shi, sukurdireba na bugu ake sa musu, in ba haka ba kan ya cinye. Abin da ke ciki baƙi ƙirin, ya kama kamar kwalta, tagar iskar saura ɗan siriri. Feshin wanke totur da tsohon buroshi, ɓangaren lantarkin yana sama don kada ruwan ya gangara cikinsa. Ba a tura harshensa da ƙarfi, musamman irin mai waya huɗu ko shida, haƙoran ciki karyewa suke yi. Hanyar da ke jikin totur da gefen faifan su ma sai an wanke, wanda ya wanke bawul kaɗai rabin aiki ya yi. Sabon gaskit, babu gam, don gam yana matsewa ya shiga hanyar iskar.

Aka mayar, aka cika ruwa aka fitar da iskarsa, aka bar inji ya yi zafi har fanka ta tashi, sannan minti goma komai a kashe don ƙwaƙwalwa ta sake koyon wurin zamanta. Allura ta zauna a 750. Aka kunna esi ta ɗan sunkuya ta dawo. Har Auta sai da ya yi tafi.

Alhaji ya leƙa, ya dubi agogo. "Da sukurun ka murɗa, da tuni na isa." Ban ce komai ba, amma raina ya sosu, har yanzu bai sake ni ba.

Da yamma canjin mai biyu. Soket mai lamba 10 ya sake ɓata, Auta ya rantse ba shi ba ne.

Bawul ɗin PCV na Alhaji ko an girgiza shi ba ya ƙara, ya cushe, kuma tiyon iskar duk laimar baƙin mai ne a ciki. Daga nan dattin yake zuwa. Na nuna masa, ya ce wani zuwan.