Kwanonin Inna da jan fatar Madunka sunka gyara min zane

Shekara huɗu kenan ina aikin zane da kwamfuta, katin biki, fosta, sitikar manna wa kaya, da CorelDraw na fara, yanzu in aiki na gaggawa ne har Canva ina taɓawa. Kuma gaskiya in faɗa maku, da in an kawo min aiki Pinterest kawai nake buɗewa in ɗauko na wani in canza suna da launi, a biya ni. Har ranar da gwaggona mai sana'ar yaji da ƙuli-ƙuli ta ce in yi mata sitika, na zauna na yi mata wani abu fari fat da siririn rubutu irin na kwalbar turaren waje, ina ta jin kaina, ta karɓi wayar ta duba ta ce “ɗan nan wanga ai kwalin maganin asibiti ne, wa za shi ci yaji a ciki?” Wallahi abin ya yi min zafi amma ta fi ni gaskiya.

Da yamma na shiga gaida Inna, kakarmu, ina zaune idona ya faɗa kan jeren kwanoninta da ke cikin kabet tun na aurenta, samira da fanteka da tasoshi, abin da na tashi ina gani kullum ban taɓa kallo ba. Fari ne ƙasan, fure ja a tsakiya, ganye kore, sai zobe shuɗi ya zagaye bakin kwanon, shi kenan fa, amma daga ƙofar ɗaki kana ganinsa. Na ce Inna ara min guda in ɗauki hoto a waje, ta ce “ɗauka nan inda nake ganinka.”

Washegari na wuce shiyar Madunka, unguwar masu aikin fata a Sakkwato, wajen wani dattijo da ke ɗinka titimi, wato matashin fata, da jakunkuna. Nan na daɗe. Ja irin na fatarmu ba jan da ke cikin kwamfuta ba ne, yana da duhu-duhu yana da zafi, da bagaruwa ake jemar fatar sannan a rina ta da karan dafi, kuma wannan fata ta jar akuyar Sakkwato ita ce a zamanin da fatake ke ƙetare Sahara da ita har ta kai Turai, can kuma anka dinga kiranta fatar Maroko don ta hannun mutanen Maroko take isa. Na tambaye shi, Baba ta ina kuke fara ado? Ya ce “yaro, gehe aka fara kamawa, in gehe ya zamna tsakiya ita ka gaya maka abin da taka so.” Ni kuwa tun da na fara zane tsakiya nake cikawa in bar gefe haka nan. Na kuma ƙirga launin da ke jikin titimin, ja da baƙi da ɗan kore, bai wuce nan ba.

Rubutu kuwa a tasha na samo shi, jikin manyan motocin nan masu katako, harafi mai kauri da inuwa a bayansa wanda ko mota na gudu za ka karanta.

To fa nan na yi shirme na farko, zumuɗi ya sa na zuba komi wuri guda, fure, dagi, zaki, zobe biyu, sitikar ta koma kamar bayan tirela, sai da na cire fiye da rabi na bar furen kwano ɗaya da gefen fata da suna. Na biyu shi ya ci min kuɗi. Na bar aikin a RGB, tsarin launin fuskar kwamfuta, ban maida shi CMYK na buga takarda ba, injin buga takarda kuwa da tawada huɗu yake aiki ba da hasken fuskar kwamfuta ba, anka bugo guda 200 jan nan da na wahala a kansa ya fito kamar ƙasar jan gargari, kuma ni da kaina na ce kar a tsaya gwaji, don haka daga aljihuna na sake biya. Yanzu ko maigidan buga takarda zai ɓata rai sai ya fitar min da guda ɗaya na fita da ita rana na gwada da guntun fatar da Baba ya ba ni. Sai kuma harafin da na zaɓa ba shi da ƙ, ɗan akwati yake fitowa a wurin, dole na maida rubutun zane na lanƙwasa ƙugiyar da hannuna, har sau biyu don ƙuli-ƙuli ne.

Da na kai wa Gwaggo ta juya ledar ta ce “wanga kam ya yi kama da abinci.” Kuɗin aiki dai har yau ba ta kawo zancensa ba, yaji ta aiko min kwalba guda. Inna kuma tunda ta ji labarin furenta ya hau leda ta sa anka saka wa kabet ɗin kwaɗo.