Daga kambas na gwanjo zuwa horar da masu gudun asuba

Da sayar da kambas na gwanjo na fara. Ina sarowa a Ƙofar Wambai, in wanke, in shanya, in jera a ɗan shagon da na kama haya. A cikin kayan akan samu takalman gudu na gaske, marasa nauyi, masu laushin ƙasa, kuma su suka fi daɗewa a kan kanta, domin samari na gayu suke nema. Ni kuwa na yi gudun dogon zango a sakandare, na san darajarsu, sai na riƙa ware su gefe.

Masu sayensu yawanci magidanta ne da suka haura arba'in, waɗanda likita ya ce musu jini ya hau ko suga ya fara yawa, su je su motsa jiki. Mutum zai saya da zumuɗi, bayan mako biyu ya dawo yana ɗingishi, ya ce takalmin ne ba shi da kyau. Wani dattijo, ma'aikacin gwamnati, shi ya sa na zauna na yi tunani. Ya nuna min ƙwaurinsa, ko taɓawa ba ya so a yi. Na ce, “Alhaji, yaya kake gudun?” Ya ce kullum, daga gida har bakin titi, da iya ƙarfinsa, sai numfashi ya ƙare. Na ce masa gobe bayan sallar asuba ya jira ni. Da shi ɗaya na fara. Yau mutum talatin da 'yan kai ke biyan kuɗin wata, kuma ƙanwata tana riƙe da rukunin mata a harabar wata makaranta da muke haya da yamma.

Rabin aikina hana mutane sauri ne. Zuciya da huhu suna sabawa da gudu cikin makonni, amma ƙashi da jijiyoyi, musamman agara da gwiwa, watanni suke ɗauka kafin su yi ƙwari. Shi ya sa mutum zai ji numfashinsa ya gyaru, ya ƙara nisa, sai ƙafa ta ƙi. Sabon shiga a wurina tafiya yake yi ta minti biyu, sassarfa ta minti ɗaya, a maimaita har minti ashirin, sau uku a mako, da ranar hutu a tsakani. Ma'aunina kuma baki ne: idan ba za ka iya ba abokin tafiyarka labari kana gudu ba, ka yi sauri da yawa. Nakan jera da mutum in tambaye shi farashin buhun masara. In ya amsa da jimla cikakkiya, mu ci gaba. In haki ya datse maganar, mu koma tafiya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum yana bukatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko 75 zuwa 150 na mai tsanani, da atisayen ƙarfafa tsoka kwana biyu. Minti talatin sau biyar ke nan a mafi ƙaranci, kuma tafiya da sauri tana ciki. Wanda yake da hawan jini, ciwon suga ko ciwon ƙirji, ba na karɓarsa sai ya zo da amincewar likitansa. Akwai waɗanda suka ji haushin wannan sharaɗi suka tafi, ban kuma sassauta ba.

Inda na fi shan fama shi ne batun abinci. Kusan kowane mako sai wani ya tambaye ni shayin rage teɓa ko garin gina jiki na gwangwani. Dillalai ma sun sha zuwa da kwalaye, ribar da ke ciki ta fi ta takalmi nesa ba kusa ba. Na ƙi ajiyewa. Da yawa daga irin shayin nan gudawa da fitsari suke sawa, ruwan jiki ne ke fita, kitsen yana nan. Haka masu ɗaura leda a ciki ko sa rigar ruwa don gumi ya zuba: in ka hau sikeli ka ga kilo ɗaya ya ragu bayan gudu, kusan lita ɗaya ce ta ruwa, kana sha ta dawo. A zafin Afrilu na Kano, da rana ke haura digiri 40, wannan dabi'a tana iya kai mutum asibiti. Atisayen ciki kuma yana ƙarfafa tsokar ciki, amma ba ya zaɓar kitsen tumbi ya narkar; kitse daga jiki gaba ɗaya yake raguwa.

Nakan ba su labarin 'yan gudun Kenya da ke atisaye a Iten, garin da ke kan tudu mai tsayin kusan mita 2,400. Babban abincinsu ugali ne, wato tuwon masara, da ganye, da wake, da shayi mai madara. Eliud Kipchoge, wanda ya yi kilomita 42 da 'yan mitoci cikin awa ɗaya da minti 59 da daƙiƙa 40 a Vienna a 2019, daga cikin irin wannan rayuwa ya fito. Mu ma abin yana gidajenmu. Tuwo, shinkafa da dankali suna ba tsoka sitacin da take tarawa don aiki. Wake, ƙwai, kifi, awara, nono da ƙuli-ƙuli suna gyara abin da gudu ya gajiyar. Kwaɗon zogale da miyar ganye suna cike sauran. Abin da nake cewa a rage shi ne lemon kwalba, suga cokali huɗu a kofin shayi, man da ke iyo a kan miya, da gishiri. Ƙa'idar ita ce ƙasa da giram 5 na gishiri a rana, kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen da ake jefawa a tukunya yana cikin lissafin. Wannan magana da matan gida ya kamata a yi ta, shi ya sa ƙanwata ta fi ni cin nasara a kanta.

Sana'ar tana bin yanayi. Da hunturu, in hazo ya yi kauri, masu asma suna zama a gida, sauran mu jinkirta ko mu rage. Da azumi mukan koma bayan tarawihi, mu sassauta. Kuɗin wata yana raguwa a waɗannan lokuta, shagon ne ke riƙe mu.

A shagon ma akwai abin da ba na wasa da shi. Ina so mai saye ya zo da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da zai yi gudu da ita. Ya tsaya, in danna babban yatsana a gaban takalmin. Dole a samu faɗin yatsa ɗaya tsakanin yatsan ƙafarsa mafi tsawo da bakin takalmin, in ba haka ba farce zai yi baƙi. Takalmin gudu yakan ci kilomita 500 zuwa 800 kafin laushinsa ya mutu, na gwanjo kuwa wani ya riga ya ci rabonsa. Don haka ina juya kowanne, in duba dunduniya, in matse tsakiyar. Wanda ya tattare ko ya karkata gefe ɗaya, na yawo nake sayar da shi, da farashin na yawo.

Yanzu akwai samari huɗu da suka ƙwallafa rai kan gudun famfalaƙi na Legas, wanda aka fara a 2016, ake kuma yin sa a watan Fabrairu. Na faɗa musu sitacin da jiki ke ajiyewa yakan ƙare a wajen kilomita 30, don haka sai sun koyi ci da sha suna gudu. Ranar Asabar muna fita hanyar Gwarzo tun da duhu, ina binsu a babur da jarkar ruwa, da dabino da ayaba a jaka. Alhajin nan na farko yakan biyo mu a motarsa, ya tsaya a inda za su juyo, riƙe da kofuna.