Sabar gida a Accra: a fara lissafi daga soket

Matasan da ke koyon aikin kwamfuta a unguwannin Nima da Mamobi sun fara sha'awar ajiye sabar tasu a gida, wato kwamfuta guda da za ta kwana ta wuni a kunne, a riƙa gwaje-gwaje a kanta, a kuma tara hotuna da takardun iyali a cikinta. Kusan duk wanda ya nemi shawarata, tambayarsa ta farko ita ce wane furosesa ya fi ƙarfi. A ganina, ga mazaunin Accra wannan tambaya ba ta farko ba ce, domin wutar da ke fitowa daga soket da zafin ɗakin da injin zai zauna su ne za su yanke hukunci a kan duk abin da za a saya.

Tsofaffin sabobin kamfanoni, irin Dell PowerEdge R720 da ta fito a 2012, suna shigowa cikin kayan gwanjo, kuma farashinsu yana jan hankali. Sai dai irin wannan inji yana iya cin wat 100 ko fiye ko da ba ya aikin komai. Wat 100 a awa 24 na kwana 30 yunit 72 ke nan a wata, kuma tun da kuɗin wutar gidaje a Ghana hawa yake yi mataki-mataki, wannan ƙari yana iya tura mitar gida zuwa mataki mai tsada. A gidan haya da ɗakuna da yawa ke kan mita ɗaya, magana ce da za ta kai gaban mai gida. Ga kuma ƙarar fankokinta, waɗanda aka ƙera domin ɗakin sabobi mai na'urar sanyaya iska, ba domin ɗakin da mutum zai kwana ba.

Saboda haka nake nuna wa masu farawa ƙananan kwamfutocin ofis, irin su Lenovo ThinkCentre Tiny da Dell OptiPlex Micro da HP EliteDesk Mini, waɗanda ake samu a shagunan kayan gwanjo na wajen Circle, wato shataletalen Kwame Nkrumah. Yawancinsu wat 10 zuwa 15 suke ci idan suna hutawa, wato ƙasa da yunit 11 a wata. Furosesa irin Core i5-8500T mai ƙwaya 6 ya ishi mai koyo ya ɗora manhajar Proxmox ya tayar da kwamfutocin gwaji da dama a cikin inji ɗaya. Tun da Windows 11 ba ta karɓar galibin furosesoshin Intel da suka girmi ƙarni na 8, kuma tallafin Windows 10 ya ƙare a watan Oktoban 2025, injinan ƙarni na 6 da na 7 sun rasa kasuwa a ofisoshi, alhali Linux tana tafiya a kansu lafiya lau. Abin da ya kamata a duba kafin a biya kuɗi shi ne a shiga BIOS, wato shafin saitin injin da ake buɗewa yayin kunna shi, a tabbatar akwai VT-x, fasahar da ke ba da damar tayar da kwamfutocin gwaji, kuma ba a kulle BIOS ɗin da kalmar sirrin tsohon mai injin ba.

Kuɗin da aka tsira da shi a kan furosesa, a zuba shi a RAM, wato ma'adanar wucin gadi da inji ke aiki da ita, domin ita ce ke fara ƙarewa. Giga 16 mafari ne, 32 kuwa ya fi kwanciyar hankali, don haka a zaɓi injin da ke da gurbin RAM biyu.

Wurin da nake roƙon mutane kada su yi rowa shi ne faifan ajiya. Faifan gwanjo yana iya zama fes a ido, alhali ya yi shekaru yana juyawa ba hutu. A karanta bayanan SMART nasa, wato rahoton lafiyar da faifan ke ajiyewa da kansa, a gaban mai shago, a ga awa nawa ya yi a kunne, a kuma ga ko an riga an sauya masa ɓangarorin da suka lalace. Idan mai kaya ya ƙi yarda a duba, a bar masa kayansa. Manhajar sabar a ɗora ta a kan SSD, wato faifan da ba ya juyawa. Wanda zai haɗa faifai biyu su riƙa kwafar juna da ZFS, wato wani tsarin adana fayiloli, ya nemi faifai nau'in CMR, domin nau'in SMR yana tafiyar hawainiya a lokacin da ake sake gina bayanai bayan ɗaya ya mutu. Kuma faifai biyu a akwati ɗaya ba su hana asara idan wuta ta ƙone akwatin, saboda haka a ajiye kwafi na daban a wani gida.

Duk wanda ya ga shekarun dumsor, wato lokacin yawan ɗauke wuta a Ghana, ya san cewa ɗaukewar wuta ba ta fi dawowarta haɗari ba, kuma faifan da aka katse yana tsakiyar rubutu yana iya lalata abin da ke kansa. Don haka UPS, wato na'ura mai batir da ke riƙe inji idan an ɗauke wuta, a wurina wani ɓangare ne na sabar, ba kayan ado ba. Ba a bukatar wadda za ta riƙe inji dare guda. Ana bukatar mai kebul na USB, wadda manhaja irin NUT za ta ji ta ce batir ya yi ƙasa, sai ta kashe sabar cikin tsari. A BIOS kuma a saita injin ya tashi da kansa idan wuta ta dawo. Batiran UPS an auna rayuwarsu ne a ma'aunin zafi 25, kuma a ɗakinmu da ke haura 30 suna saurin gajiya, don haka a sa kuɗin sauya su a lissafi tun farko. Wanda ya sayi babban akwati da aka kawo daga Amurka, ya duba bayansa da kyau: wasu tsofaffin na'urorin rarraba wuta suna da ɗan jan maɓalli mai lamba 115 da 230, kuma idan aka bar shi a 115 aka sa a wutarmu ta bolt 230, nan take zai ƙone.

Sai muhalli. Iskar teku tana sa tsatsa a bakin kebul da ƙarfen akwati, ƙurar hunturu kuma tana toshe fanka tsakanin Disamba da Fabrairu. A ɗora injin a kan kanta nesa da ƙasa, kada a rufe shi cikin kabad, a bar masa sarari ta baya, a kuma buɗe shi a busa masa iska kafin hunturu da bayansa.