Aikin Duba Tikitin Yini a Jiragen Ƙasa na Berlin

A tashoshin jiragen ƙasa na birnin Berlin babu wani shingen da ke tare fasinja kafin ya hau, don haka nauyin tabbatar da cewa an biya kuɗin tafiya yana wuyanmu ne, mu masu duba tikiti. Ni da abokin aikina mukan shiga tarago ta ƙofofi daban-daban, ba ma cewa uffan sai ƙofofi sun rufe jirgi ya tashi, sannan mu fito da katin shaidarmu mu nemi kowa ya nuna tikitinsa.

Tikitin yini ne ya fi buƙatar natsuwa wajen dubawa, domin takardar ita kaɗai ba ta zama hujja sai an buga mata hatimi a ƴar na'urar nan ja ko ruwan ɗorawa da ke kan dandamali, wadda ke rubuta rana da lokaci. Kafin 2021 tikitin yana aiki ne har ƙarfe 3 na daren ranar da aka buga shi, amma tun daga wannan shekara ya koma na sa'o'i 24 daga lokacin hatimi, saboda haka yanzu dole in karanta sa'a da kyau, sau da yawa a kan takardar da ta yamutse a aljihu tawadarta ta dusashe. Wanda aka buga wa hatimi sau biyu kuwa ya lalace.

Bayan hatimi sai shiyya. Shiyyar A ita ce tsakiyar birni, B ta kai iyakarsa, C kuma ta ƙunshi Potsdam da filin jirgin saman da aka buɗe a 2020. A layin jirgi na S9, mai zuwa filin jirgin saman, na sha samun baƙo da manyan akwatuna, riƙe da tikitin AB, na shiyyoyin A da B kaɗai, wanda ya saya da kuɗinsa, bai san cewa ya tsallake iyaka ba. Irin wannan mutum ba macuci ba ne, amma tarar Yuro 60 da ake ci tun 2015 ba ta duba niyyar kowa.

Wannan ne ya fi tsaya mini a rai. A ƙarƙashin sashe na 265a na dokar manyan laifuka ta Jamus, wanda ya samo asali tun 1935, ana iya gurfanar da wanda aka sha kamawa, kuma talakan da ya kasa biyan tarar kotu yakan ƙare a gidan yari. A ganina hukuncin ya fi ƙarfin laifin. Ba ni da ikon yafewa, amma ina da ikon kare mutuncin mutum, shi ya sa ba na ɗaga murya a cikin tarago. Nakan sauka da shi a tasha ta gaba, in rubuta bayanansa nesa da idon jama'a, in bayyana masa yadda zai shigar da ƙorafi, sannan in kai shi gaban na'ura in nuna masa tikitin da ya dace da tafiyarsa da inda zai buga hatimi.