Tsohuwar Datsun Tsakanin Titi Da Filin Tsere

A zagaye na biyar birki ya tafi. Na fito daga miƙaƙƙen layin da ya fi kowane tsawo a filin, allura ta haura 160, na ɗora ƙafa daidai inda na ɗora sau huɗu a baya, sai na ji kamar soso na taka. Ƙafar ta nutse har ta kusa taɓa ƙasan motar. Na ɗaga na sake dannawa, na ƙara, na sauko da giya daga huɗu zuwa uku, injin ya yi wani irin kururuwa, duk da haka kwanar ta wuce ni, sai a cikin tsakuwar da ake zubawa a gefe na tsaya. Ban ji ciwo ba, motar ma ba ta daki komai ba. Amma na fi minti biyu a zaune hannuna na rawa a kan sitiyari, ƙaurin birki ya cika min hanci.

Motar Datsun 240Z ce ƙirar 1972. Injinta L24, silinda shida a jere, cc 2,393, da kafireto biyu na Hitachi irin samfurin SU. Nauyinta bai fi tan ɗaya da 'yan kai ba. Abin da ya sa na ƙwallafa rai a kanta tun farko shi ne tarihinta a gasar Safari ta Gabashin Afirka, wadda ta cinye a 1971, ta kuma sake cinyewa a 1973 a hannun Shekhar Mehta. Na riƙa faɗa wa kaina cewa motar da ta jure wannan duka, me 'yan zagaye a kan kwalta mai santsi za su yi mata? Na manta waɗancan sababbi ne dal, kamfani ne ya shirya su, tawa kuwa ta ba shekara hamsin baya.

Shekarata ta farko da ita, gudu kawai na sa a gaba. Na cire kafiretocin asali na ɗaura Weber 40 DCOE guda uku, na sauya salansa, na riƙa tayar da ita a gareji don kawai in ji yadda take zuƙar iska. Dattijon bakaniken da yake taya ni aikin da ya fi ƙarfina ya tsaya yana kallona wata rana, ya ce, “Ɗana, gudu dai ka saya. To tsayuwar fa, wa zai saya maka?” Na ce, “Baba, ai birkin lafiyarsa ƙalau.” Bai ƙara cewa komai ba. Da na dawo da ita daga filin ranar nan, murfin gwangwanin man birki kawai ya buɗe ya tura min. Man ya yi baƙi ƙirin. Ni kuwa ko sau ɗaya ban taɓa sauya shi ba, ban ma san shekarar da aka zuba shi ba.

Man birki irin DOT 3 da DOT 4 yana shan danshi daga iska a hankali, ko motar tana ajiye. Sabon DOT 3, ƙa'ida ita ce kada ya tafasa ƙasa da digiri 205 a ma'aunin salshiyos, amma idan ruwa ya shiga shi kamar kashi 3.7 cikin ɗari, ma'aunin ya sauko 140. DOT 4 kuwa daga 230 yake sauka zuwa 155. A titi da wuya ka kai shi can, domin kana taka birki ne ka sake, ya samu ya huce. A filin tsere kuwa ba ya samun numfashi. Da ya tafasa sai tururi ya taru a cikin bututu, shi kuwa tururi matsuwa yake yi, ba ya tura komai. Abin da ƙafata ta taka ke nan. Yanzu ba na shiga fili sai na juye tsohon man gaba ɗaya na zuba sabon DOT 4, kuma na maye gurbin tiyoyin roba da masu saƙar ƙarfe. Wanda zai gwada ya kula, DOT 5 na silikon ne, ba a gauraya shi da DOT 3 ko DOT 4.

Daga nan sai na zarce gona da iri ta ɗaya ɓangaren. Na sayo fad ɗin birki na tsere zalla, waɗanda sai sun yi zafi suke kamawa. A fili kam sun burge ni. Amma wata safiya mai sanyi na fito daga gida, a mararrabar farko na taka, motar ta ci gaba da sulalewa kamar ba da ita nake ba, saura ƙiris in sumbaci bayan wata motar kaya. Ga ƙara kamar ana wasa wuƙa. Tun daga ranar saiti biyu nake ajiyewa, na titi da na fili, in sauya da daddare kafin tafiya, in mayar idan na dawo. Aikin minti arba'in ne da jak da sifana. Birkin baya na daram ne, na bar shi yadda yake, bai taɓa ba ni kunya ba tunda mafi yawan aikin tsayawa a gaba yake.

Ƙafafu ma haka muka yi. Na sa sifirin masu tauri, na sauke motar ƙasa sosai, na cire duk bushin na roba, wato matasan da ke tsakanin ƙarafan ƙafa, na sa na foliyuritan mai tauri. Kafin wata guda na fara jin wani ƙas-ƙas a ƙarƙashin ƙafar fasinja. Da muka ɗaga ta, Baba ya sa sukuddireba a jikin ƙarfen da ke ɗauke da ƙasan motar, ya ɗan matsa, sai ga shi ya ɓula. Tsatsa ta cinye shi daga ciki, fenti ne kawai ya rufa asiri. Ƙarƙashin mazaunin batir ma haka. Sifirin mai laushi ya daɗe yana shanye dukan hanya, ni kuma na zo na miƙa dukan kai tsaye ga ruɓaɓɓen ƙarfe. Wata uku ta yi a kan tubala ana yanka ana walda.

Bayan walda na ɗaga ta sama kaɗan, na koma sifirin matsakaici. Sandar nan da ke riƙe ƙafar gaba kada ta yi gaba ko baya, na mayar mata da roba a gefe ɗaya, domin idan aka ɗaure ta tamau ta kowane gefe ba ta samun lanƙwasa, kuma masu irin motar sun san tana iya karyewa. Karkatar tayoyin gaba da na kai digiri biyu da rabi don su kama kwana, ita ma na rage zuwa ɗaya da rabi, bayan na ga cikin taya ya suɗe, waje kuwa kamar sabo. Af, tayoyin da na same ta da su, zanensu ras, amma lambobi huɗun da ke jikinsu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, sun nuna sun haura shekara tara. Roba ta bushe ta zama katako.

Injin kansa bai cika ba ni wahala ba. Abu ɗaya da ya tayar min da hankali shi ne a doguwar kwana, inda na ga allurar ƙarfin baƙin mai tana faɗuwa ta dawo. Man ne yake kwarara gefe ɗaya na kaskon da ke ƙasan inji, famfo ya zuƙi iska. Muka walda masa 'yan shingaye a ciki, magana ta ƙare. Ina zuba mai wanda ke da isasshen sinadarin zinki saboda kam irin na da, wato sandar da ke buɗe bawul, yana gogar ƙarfe da ƙarfe, ina kuma duba tazarar bawul da inji a zafi, 0.25 na milimita a na shiga, 0.30 a na fita. Kwantak, tsohon tsarin ba fulogi wuta, na cire na sa distiributa mai lantarki ta 280ZX, wata Datsun da ta fito daga baya. Giya mai biyar ma daga 280ZX na ɗauko, kuma a duk abin da na yi wa motar nan shi ne kaɗai ban taɓa da-na-sani a kansa ba, don a doguwar hanya injin yana samun sararawa.

Abokai sun matsa min in sa cikakken kejin ƙarfe a ciki, na kariya idan mota ta kife. Na ƙi. Keji da hular kwano suke tafiya, kuma ba zan riƙa yawo a titi da hular kwano ba. Kai tsirara kusa da bututun ƙarfe, ƙaramin karo ma ya isa. Baka guda na sa a bayan kujeru, na bar bel ɗin asali don titi.

Weber ɗin nan uku fa? Suna cikin kwali. A cunkoso sai su jiƙa fulogi, su sha mai kamar ba gobe, kuma daidaita maƙogwaro shida su yi numfashi ɗaya aikin yini ne. Na wanke tsofaffin SU na mayar. Na rasa wannan gurnanin, ba zan ɓoye ba, har yau nakan buɗe kwalin in kalle su. Amma a zuwana na ƙarshe, da kafiretocin asali, na rage daƙiƙa huɗu a kan zagayen da na fi sauri a da, saboda yanzu ina iya jinkirta birki har sai na ga alamar ƙarshe ba tare da zuciyata ta tsinke ba. Na kuma tuƙo ta da ƙafarta har gida.

Jiya da na leƙa ƙarƙashinta na ga ɗigon mai a wajen aksul na baya, kamar girman kwabo. Na shimfiɗa kwali a wurin in ga yawan abin da zai taru zuwa Asabar.