Yadda na bi sawun tarihin rumfar naman kakanmu

Rumfar naman da kawuna yake zama a bakin layinmu, cikin birnin Kano, ba ta da suna, ba ta da allo, balle takardar mallaka. Kowa dai "wajen mahauci" yake cewa. 'Ya'yan Kawu duk sun yi boko, babu alamar mai gadon wuƙar, shi ya sa na ɗaura niyyar rubuta tarihin wurin tun masu ba da labari suna raye.

Mahauci ba shi da lokacin hira da safe. Tun asuba yana kwata, daga nan sai kasa nama, ga masu sayar da abinci sun tsaya a kansa, wannan na son jan nama, waccan na son kayan ciki. Sai bayan la'asar, an wanke tebur an rataye gatari, bakin Kawu yake buɗewa. Ko a lokacin ma, in ka tambaye shi shekarar da aka kafa rumfar, amsar ɗaya ce: "Ɗan nan, ni a nan na buɗe ido na gan ta."

Tsofaffinmu da abin da ya faru suke lissafi, ba da lambar shekara ba. Gwaggo, yayar Kawu, ta ce mahaifinsu ya baro Kasuwar Kurmi ya dawo unguwa "shekarar da Sarki Sanusi ya bar gari", wato 1963. Wani dattijo maƙwabcinsu kuma ya rantse sai bayan yaƙin basasa, wanda ya ƙare a 1970. Da na sake zama da kowannensu sai ta bayyana duk gaskiya suka faɗa: Gwaggo tebur take nufi, wanda aka fara ajiyewa a gindin darbejiya, shi kuma dattijon rumfar kwano yake tunawa. Tun daga nan na daina karɓar magana daga baki ɗaya, komai tsufan mai ita.

Matan gida, a ganina, sun fi maza riƙe irin wannan labari, don su ne suka san ranar da aka shigo da riba da ranar da aka kwana da kwantai. A adakar Gwaggo ma aka samo abin da ya fi komai amfani: littafin bashi na Kaka, da ajami, gefensa duk maiƙo. Wani malamin zaure ya taya ni karantawa. Babu kwanan wata ko ɗaya a ciki, amma kuɗin da kansa ya nuna zamani. Shafukan farko fam ne da sule da sisi. Can tsakiya sai naira da kwabo suka shigo, kuma an san ranar 1 ga Janairun 1973 aka canza kuɗi, fam ɗaya ya koma naira biyu, sule ya koma kwabo goma. Akwai shafukan da Kaka yake rubuta tsohon lissafi da sabo gefe da gefe, da alama hannu bai saba ba tukuna. A daidai nan sunayen masu cin bashi suka yi yawa. Kawu ya ce lokacin fari ne: makiyaya na zubar da ramammun shanu a kara da araha, nama ya yi sauƙi, amma hatsi ya cinye kuɗin mutane. Gaba kuma rubutun ya yi ƙaranci, shafi guda bai ko cika ba, ya ce wannan shekarar ciwon bushiya ce, 1983, da ta kashe shanu ba adadi.

Na leƙa ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna. Rahotannin tantance haraji na zamanin Turawa suna kawo yawan masu sana'o'i a gunduma, har da mahauta, sai dai adadi ne ba sunaye ba. Mai neman rumfa guda ya fi samun biyan buƙata a zauren sarkin fawa. A can na ji cewa Kaka daga Wudil yake sayo shanu ranar Juma'a, ta hannun dillali ɗaya, a biya bayan an sayar. A can kuma aka ba ni labarin makaɗin kalangun da yake zagaya unguwa in an yi yanka mai kitse, da yadda samarin rundawa, wato mahauta, suke fita dambe a lokacin kakar amfanin gona.

Ba kowa ne a dangi ya ji daɗin aikin ba. Akwai masu ganin fawa ba abin tonawa ba ce, musamman masu 'ya'ya mata a bakin aure. Ban yi musu da kowa ba, amma da kuɗin wannan teburin aka biya makarantarsu.

Duk hirar da na ɗauka a waya sai da na nemi izini. Littafin kuwa na so in ɗauki hotonsa shafi-shafi, Kawu ya hana. "Jikokin mutanen nan suna layin nan, wasu ma alhazai ne. Baba ya yafe bashin kafin ya rasu, ba za mu tona wa kowa asiri ba." Muka daidaita a kan in kwafi kuɗin da irin naman, in bar sunayen, littafin kuma ya koma hannun Gwaggo.