Talata, ranar jimla biyu

Zafin yau sai Allah, fanka ma iskar wuta take hurawa. Na sha fura a Mabera, na iso shago da nishaɗina, sai ga Aminu, ɗaya cikin yaran da nake koya wa rubuta manhaja, rungume da kwamfuta, fuska a ɗaure.

"Yaya, lissafin buhunan albasar nan ya ƙi daidai, kuma ban ga mi ya faru ba."

Ko dubawa ban yi da kyau ba na rufe shi da faɗa, na ce gaggawa ta yi masa yawa. Bai tanka ba, ya sunkuyar da kai.

Sai bayan azahar na zauna na bi kod ɗin, wato umarnin da ya rubuta wa kwamfuta, layi-layi. Ashe fankishan (guntun kod mai yin aiki guda) mai suna jimla sau biyu ya shigo fayil ɗin: ɗaya a sama da kuɗin dako a ciki, ɗaya can ƙasa, tsohon da ya manta bai goge ba. Kuma kwamfailata, manhajar da ke fassara kod zuwa yaren na'ura, wadda na kwashe watanni ina ginawa don yaran nan, ta haɗiye su duka ba ta ce uffan ba. Na ɗauki fayil ɗin na ba GCC, sanannen kwamfaila na yaren C, nan take ya ƙi, ya nuna layukan biyu, ya ce an sake ayyana suna ɗaya. Da yaren Python ne da ban damu ba, can an san na ƙarshe ke danne na farko. Amma ni dokar C na ce musu muna bi.

Matsalar tana teburin sunaye, inda kwamfailata ke ajiye duk sunan da ta gani a kod. In sabon suna ya zo, rubuta shi kawai nake yi, ban taɓa tambaya ko akwai shi ba, sai na ƙarshe ya hau kan na farko.

Na gyara, sai wani abu ya ɓalle: kwamfailar ta fara ƙin sanarwar fankishan, layin da ke gabatar da sunansa kawai, da ake sawa a sama, alhali C ta halatta a maimaita wannan ko sau nawa, jikin, wato ainihin umarnin da ke cikinsa, shi ne kaɗai ba a yi sau biyu. Dole na ƙara alamar da ke nuna ko sunan ya riga ya sami jiki.

La'asar. Wuta ta ɗauke. Hajiya ta kira kan zancen bikin Asabar.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne fuskar Aminu. Kwana biyu yaron yana zargin kansa, ya amince da abin da na gina. Na kira shi bayan isha'i, wayarsa a kashe. Yanzu ina tunanin sauran da suka miƙo aiki makon jiya, ko su nawa kwamfailar ta yi wa shirun nan.